Amsar Tambaya: Me Ya Sa Bireka Ke Yawan Faɗuwa?

Tambaya: Ni ɗan Gwandu ne, ina haya a Kalgo. Da an kawo wuta sai birekar gidan ta faɗi. Maƙwabcina ya ce a cire ta a haɗa waya kai tsaye. In yi?

Amsa: Malam, kada ka kuskura. Birekar nan ita ke yanke wuta kafin waya ta yi zafi ta kama da gobara.

Fara duba yawan kaya. Wutar gida volt 230 ce, don haka bireka mai amfiya 10 abin da take ɗauka kusan watt 2,300 ne. Hitar ruwa mai watt 2,000 da dutsen guga mai 1,000 sun riga sun wuce haka. Zare komai daga soket, ka ɗaga birekar, sannan ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ta faɗi, ka gane inda kayan suka yi mata yawa.

Idan kuwa ta faɗi babu komai a jone, ko ka ga soket ya yi baƙi yana ƙauri, to mai yiwuwa matsalar wayarin ce: ɓera ya ci waya, ko ruwan damina ya shiga. Bar ta a kashe, ka kira ƙwararren mai gyaran wuta. Kuma kada ka yarda ya sa maka babbar bireka a kan siririyar waya.