Yadda ake saita tarihin umarni a Bash

Bash, manhajar da Brian Fox ya rubuta wa shirin GNU a 1989, tana riƙe umarnin da ka buga a ƙwaƙwalwar kwamfuta ne kawai. Sai ka rufe tagar da kake buga umarni a ciki take zuba su cikin fayil ɗin `~/.bash_history`. Idan aka ɗauke wuta kafin nan, sun tafi ke nan. Ga yadda ake maganin wannan.

1. Buɗe fayil ɗin saiti da `nano ~/.bashrc`. Ubuntu kan zo da `HISTSIZE=1000` da `HISTFILESIZE=2000` a ciki. Waɗanda ka tarar su za ka gyara, ba sai ka sake rubuta wasu ba.

2. Ƙara yawan abin da ake ajiyewa. `HISTSIZE` yana ƙayyade yawan umarnin da ke ƙwaƙwalwa, `HISTFILESIZE` kuma yawan layukan fayil. Rubuta `HISTSIZE=10000` da `HISTFILESIZE=20000`. Kada ka bar tazara a gefen alamar `=`, in ba haka ba Bash ba za ta gane ba.

3. Sa `shopt -s histappend`, don kada tagar da aka rufe daga baya ta shafe abin da sauran suka ajiye.

4. Sa `PROMPT_COMMAND="history -a; $PROMPT_COMMAND"`. Wannan layin shi ne ƙashin bayan aikin: da zarar umarni ya kammala, nan take ya shiga fayil, ko da wuta ta tafi bayan haka.

5. Sa `HISTCONTROL=ignoreboth`. Umarnin da ka maimaita a jere sau ɗaya zai fito, wanda kuma ka fara da tazara ba zai shiga tarihi ba sam. Da haka ake buga umarni mai ɗauke da kalmar sirri.

6. Idan kana son kwanan wata da lokaci, sa `HISTTIMEFORMAT="%F %T "`. Tsofaffin umarni ba za su nuna lokacinsu na gaskiya ba, sai sababbi.

7. Adana da Ctrl+O da Enter, ka fita da Ctrl+X, sannan ka buga `source ~/.bashrc`. Buga `history` ka gani, ko ka danna Ctrl+R ka nemo tsohon umarni da 'yan haruffansa.

Idan kalmar sirri ta riga ta kuɓuce maka, goge ta da `history -d` haɗe da lambar layin. Sannan ka buɗe `~/.bash_history` ka cire ta da hannu, domin mataki na 4 ya riga ya kai ta can.