In moto ya ƙi tashi, mi za mu duba?

Ƴan'uwa manoma, a ƙauyukanmu moto ya zama jakin zamani. Shi ke kai mu gona da kasuwa. Shi ke ratsa rairayi inda mota ba ta shiga. In ciwo ya tashi cikin dare, ko a kai mai naƙuda gidan likita, ko a ɗauko malamar asibiti, moto ake nema. To, ranar da ya ƙi tashi, kuma garejin yana nesa, yaya za mu yi?

Kada mu yi gaggawar kwance inji. Inji yana bukatar abu uku kafin ya tashi: mai, iska da wuta. In ɗaya ya ɓace, ba ya tashi. Mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan darasi ya shafi moto mai ƙafa biyu, da mai ƙafa uku, da mai ƙafa huɗu na shiga daji. Ya shafi kuma injin ban ruwa na masu noman rani, kamar manoman albasa na Galmi.

Da farko, ƙananan abubuwa

Mu duba makulli, ya kunnu? Mu duba jan maɓallin nan na hannun dama, wanda ke kashe inji. Sau da yawa yara ne ke taɓa shi. Mu tabbata moto ba ya cikin giya. Wasu masu ƙafa huɗu ba su tashi sai an riƙe birki. Wasu injunan ban ruwa kuma ba su tashi in baƙin mai ya yi ƙasa. Sai a ƙara shi.

Na ɗaya: mai

Mu buɗe tanki mu leƙa. Mu duba makunnin mai, a buɗe yake? Mu cire tiyon da ke kai mai ga karbirato, mu tara kwalba. In mai ya zubo sosai, hanya lafiya lau. In yana ɗiga kaɗan-kaɗan, datti ya toshe tiyo ko matatar mai. Akwai kuma ɗan ƙaramin rami a murfin tanki. In ya toshe, mai ba ya sauka.

Man kwalba na bakin hanya yakan zo da ruwa ko ƙasa. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka yana kwanciya a ƙasa. A gindin karbirato akwai ɗan noti. Mu sassauta shi, ruwa da datti su fita, sannan mu ɗaure. Man da ya yi watanni cikin tanki shi ma yana lalacewa. A zubar da shi cikin wani galan, a sa sabo.

Na biyu: iska

Inji yana numfashi kamar mutum. Lokacin hunturu ƙura tana cika matatar iska. Mu buɗe mu gani. In ta soso ce, a wanke ta da ruwa da sabulu, a shanya ta bushe sarai, a shafa mata baƙin mai kaɗan. In ta takarda ce, a kakkaɓe ta, ko a sayi sabuwa. Kada mu yi tafiya ba matata. Rairayi zai shiga ya cinye inji.

Na uku: wuta

Buji, wanda wasu ke kira fulogi, shi ke ba da tartsatsin da ke kunna mai. Mu kwance shi mu dubi bakinsa.

In ya jiƙe da mai, mai ya yi wa inji yawa. A goge shi, a bar shi ya sha iska.

In ya yi baƙi da kunkunniya, a kankare shi. A sake duba matatar iska, don sau da yawa ita ce sanadi.

Tsakanin haƙoran buji akwai ƴar tazara. A ƙananan motoci da yawa, milimita 0,6 zuwa 0,7 ce, wato kusan kaurin farce.

Mu maida buji cikin hularsa. Mu jingina ƙarfensa da jikin inji, nesa da raminsa da duk inda mai ya zuba. Mu riƙe robar kawai, sannan a buga. Tartsatsi shuɗi alama ce mai kyau. In ja ne mai rauni, ko babu shi, a gwada sabon buji.

In moto na batir ne, mu danna oda. In kukanta ya yi rauni, batir ya sauka, ko bakinsa ya yi tsatsa. A goge, a ɗaure. Kada mu danna maɓallin tayarwa fiye da daƙiƙa 5 a jere.

Yaushe za mu nemi makaniki?

In mun taka sandar tayarwa ta faɗi sakayau ba nauyi, ciwon yana cikin inji. Haka in sabon buji ma bai ba da wuta ba. Nan sai mai sana'a.

Mu kiyaye lafiyarmu

Kada mu zuƙi mai da baki. In ya shiga huhu yana kawo ciwo mai tsanani. Kada mu kawo fitilar kwai ko taba kusa da mai, mu yi aiki da tocila. Kada mu tada inji cikin ɗaki a rufe. Hayaƙinsa yana da guba marar wari wadda ke kisa.

Mu tuna

Rigakafi ya fi magani. Mu tace mai da tsumma mai tsabta kafin mu zuba. Mu ajiye sabon buji guda da makwancinsa a jikin moto. In akwai mace mai tsohon ciki a gida, mu tada moton kowace safiya, kuma kada mu bar tanki ya kwana ba mai.