Idan Tsirkiya Ɗaya Ta Danne 'Yan'uwanta

Ɗana, shekaranjiya da ka zo gaishe ni ka ce jitar bes ɗinka ta lalace. Babbar tsirkiya tana ruri kamar bijimi a kasuwar shanu ta Potiskum, ƙaramar kuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji ta, har kana shirin sayarwa. Kada ka sayar tukuna.

Fara cire waya daga amfilifaya. Da dare, bayan an kashe janareto gari ya yi tsit, ka kaɗa tsirkiyoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, da yatsa guda da ƙarfi guda. In ɗaya ta dushe tun a nan, ita ce mai laifi. Mu nan Danchuwa ƙurar hunturu da gumin bazara sukan cika tsakanin murɗin ƙarfen su shaƙe muryarta. Zura farin ƙyalle ta ƙarƙashinta ka ja, za ka ga baƙin da zai fito. Na san halin da ake ciki: tsirkiya sai an yi saƙo Kano ko Jos, shi ya sa in ɗaya ta tsinke ita kaɗai kuke sauyawa. Amma sabuwa a cikin tsofaffi uku dole ta fi su amo. Ka daure ka tara kuɗin saiti guda, kuma ka riƙa goge su duk sanda ka gama kiɗa.

In kuwa sun yi daidai ba waya, duba maganaɗisun da ke ƙarƙashinsu, wanda makaɗa ke kira fikof. Sau da yawa nan ciwon yake. Tsirkiyar da ta fi kusa da shi ita ke fin ƙara. In kusancin ya yi yawa kuma, sai ya riƙa janta, muryar ta yi rawa ta mutu da wuri. Danna tsirkiya a ƙarfen ƙarshe na wuya, ka leƙa ratar da ke tsakaninta da maganaɗisun. Milimita 2 zuwa 3 ya isa, gefen masu kauri ya ɗan fi nisa, don su ne ke lilo da faɗi. Jitarka irin Precision ce, wadda Leo Fender ya fito da ita a Amurka a 1951, kuma tun 1957 aka raba fikof ɗinta biyu, kowane rabi yana kula da tsirkiya biyu da sukurorinsa. Juya sukurun rabin zagaye, ka kaɗa, ka saurara. Riƙa ƙirga juyin, domin ka iya komawa inda ka baro. In ka sassauta sukuru bai taso ba, soson da ke ƙarƙashinsa ne zafi ya lanƙwame. Sa masa sabo. Leƙa jaki ma, wato inda tsirkiyoyin ke hawa a jikin jitar, ko an ɗaga wata tsirkiya fiye da sauran. Sandar ƙarfen da ke cikin wuya dai kada ka taɓa ta kai kaɗai.

Wani lokacin jitar ba ta da laifi. Babbar tsirkiya tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ƙaramar sau 98. Sifikar da aka ƙera don magana ba ta iya ɗaukar ta farkon, babba kuwa in ka cusa ta a kusurwar ɗaki sai ta kumbura ta. Janyo ta daga bango ka sake ji.

Saura hannunka, kuma shi na fi so ka kula. Na ga kana kafe babban yatsa wuri ɗaya, kana dukan ta kusa da ƙarfi, ta nesa kuma kana shafa ta da ƙyar. Bar hannun ya riƙa sauka yana bin kowace tsirkiya. Marigayi Dan Maraya Jos tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa, amma duka ɗaya bai taɓa haɗiye wani ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar kawo jitar, haɗe da ƙaramin sukundireba, mu duba tare. Allah ya yi maka albarka.