Amsoshin Tambayoyinku: Ina son yin MBA a ƙasar waje, ta ina zan fara?

Tambaya: Ina aji uku a jami'a, sashen Akanta. Burina in yi digirin MBA a ƙasar waje, in kuma samu aiki a babban kamfani na duniya. Da na gama bautar ƙasa sai in nemi gurbi, ko da sauran shiri? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Da sauran shiri, kuma gara da kika tambaya tun yanzu.

MBA ba irin digiri na biyun da aka saba ba ne, wanda ake wucewa daga aji zuwa aji. Manyan makarantu irin su Harvard a Amurka, da INSEAD a Faransa, da London Business School a Ingila, yawancin ɗalibansu sun yi kamar shekara 5 suna aiki kafin su shiga. Dalilin yana cikin yadda ake koyarwar. A Harvard, ana raba wa ɗalibai labarin wani kamfani da ya shiga tsaka mai wuya, washegari malami ya kira sunanki ba zato, ya ce in ke ce shugaba me za ki yi. Kusan rabin makinki daga irin wannan muhawara yake fitowa. Wanda bai taɓa fama da abokin ciniki mai taurin bashi ba, me zai faɗa?

Saboda haka bayan bautar ƙasa, aiki za ki nema, ki yi shekara 3 ko 4. Banki ko kamfanonin binciken kuɗi irin su KPMG da PwC suna da kyau, ki haɗa da jarrabawar ICAN ko ACCA. Amma kada ki raina kasuwancin gida. In kika karɓi littafin shagon mahaifinki a Kantin Kwari, kika gyara lissafinsa har kika iya nuna yadda ciniki ya ƙaru, wannan labari ne da masu tantancewa ba su cika ji ba.

Yanzu dai ki riƙe makinki na jami'a da kyau, don ba ya gyaruwa daga baya. Jarrabawar GMAT ta neman shiga MBA kuwa, sakamakonta na aiki har shekara 5, don haka ki rubuta ta da wuri, tun lissafi bai gudu daga kanki ba. Jarrabawar Turanci ta IELTS shekara 2 kawai take yi, ki bar ta sai ƙarshe.

Sai maganar kuɗi, inda gizo ke saƙa. Shekara 2 a babbar makarantar Amurka, da kuɗin zama, kan haura dala 200,000. Karatun INSEAD wata 10 ne, shi ya sa da yawa ke karkata can. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana neman wanda ya yi aikin shekara 2, ba ya biyan kuɗin MBA duka, kuma sharaɗinsa ki dawo gida ki yi shekara 2 bayan kammalawa. Wannan zai ci karo da burinki in a can kike son zama ki yi aiki, ki sani tun yanzu.

Ni a ganina, ki fara zaɓar ƙasar da kike son aiki, sannan makaranta, domin kamfanoni daga makarantun da ke kusa da su suka fi ɗiba. A Amurka ana ba wanda ya gama izinin aikin wata 12, wasu kwasa-kwasan har wata 36, daga nan sai bizar aiki ta H-1B, wadda ƙuri'a ake yi mata. Dokokin nan suna yawan sauyawa, ki sake duba su a shekarar da za ki nema.

Za a kuma buƙaci wasiƙar shaida. Mutanenmu kan ruga wurin sanata ko basarake, alhali makarantun daga bakin shugabanki na wurin aiki suke son ji, wanda ya ga aikinki da idonsa, zai iya faɗin ranar da kika ceto wani ciniki da yadda kika yi.