Labarin Baka da Shaidar Takarda: Neman Kakan Abraham Lincoln

Mai binciken asalin zuri'a yana dogara ne da abu biyu: abin da tsofaffi suka riƙe a ka, da abin da aka rubuta. Wahalar takan tsananta idan kakan da ake nema ya zauna a bakin iyaka, inda jama'a ke saran daji su kafa gari tun hukuma ba ta iso da magatakarda ba. Labarin kakan shugaban Amurka Abraham Lincoln misali ne mai kyau ga ɗalibin adabin baka.

Shugaban ya ci sunan kakansa ne, amma bai taɓa ganinsa ba. Abin da ya ji a gida shi ne kakan ya yi ƙaura daga Bajiniya zuwa Kentaki, wadda a lokacin ita ce bakin iyakar Turawa. Wata rana yana aiki a gona da 'ya'yansa uku, sai wani daga cikin 'yan asalin ƙasar ya harbe shi. Josiah ya sheƙa neman gudummawa, Mordecai ya faɗa ɗaki ya ɗauko bindiga, ya harbe mutumin da ya nufo ƙaraminsu, Thomas, wanda daga baya ya haifi shugaban. A rubuce-rubucensa na 1848 da 1860, Lincoln ya ce abin ya faru wajen 1784.

Da masana suka shiga kundayen hukuma, sai suka tarar da takardar awon fili mai eka 400 a Long Run, mai kwanan watan Mayu 1785, wadda ta nuna mutumin yana raye. Wata takarda ta 1786 kuma ta ambaci matarsa a matsayin wadda mijinta ya rasu. Da irin waɗannan shaidu aka tsayar da rasuwarsa a 1786. Ke nan Thomas, wanda aka haifa a 1778, yana da kimanin shekara 8, ba 6 ba kamar yadda ɗansa ya zata.

A nan ya kamata a lura da halin labarin baka. Ya riƙe wanda ya gudu da wanda ya yi harbi, amma ya zame a shekara, domin zuciya ta fi riƙe abin da ya girgiza ta bisa ga lissafi. Haka kuma labarin na ɓangare ɗaya ne. Mutanen da ake mamaye ƙasarsu ba su da murya a cikinsa, ko sunan wanda Mordecai ya kashe ba a adana ba.

Ita ma takarda ba ma'asumiya ba ce. A takardar filin an rubuta sunan Linkhorn, saboda magatakarda yakan rubuta abin da kunnensa ya jiye masa. Wanda ya nace sai ya ga Lincoln harafi da harafi zai wuce shaidar bai sani ba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san yadda Sakkwato ta zama Sokoto a takardun Turawan mulki.

Akwai kuma abin da zuri'ar ta manta ɗungurungum. Lincoln ya san akwai masu irin sunansa a Masacusets, amma bai ga wata alaƙa ba sai kamar sunaye, don haka ya ƙi ɗora hukunci a kai. Sai bayan rasuwarsa bincike ya tabbatar da cewa tsatsonsu ɗaya, daga Samuel Lincoln, wanda ya taso daga Ingila a 1637 ya zauna a garin Hingham.

Aikin ɗalibi: A samo labarin ƙaurar wani kaka daga bakin tsofaffi biyu daban-daban, a fitar da inda suka dace da inda suka saɓa, sannan a faɗi irin takardar da za ta iya raba gardama.