ZAƁEN KWAS NA KOYON AIKIN HORAR DA MOTSA JIKI

A zamanin da manomin Kona ba ya bukatar wanda zai koya masa motsa jiki, garma da fartanya da hawan dutse sun ishe shi. Amma tun da aka ƙirƙiro Jihar Taraba a 1991, Jalingo ta zama babban birni, aikin ofis da zaman kanti da hawan abin hawa suka yawaita, ƙiba da hawan jini da ciwon sukari suka biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta bayar a 2020, ta ce baligi yana bukatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a kowane mako. Saboda haka ne aka sami wata sabuwar sana'a, watau ta mai horar da mutum ɗaya ko 'yan mutane kaɗan a kan lada. Samari da 'yan mata da yawa suna sha'awarta, masu sayar da kwas kuma sun san da haka.

Wajibi ne mai neman shiga sana'ar ya san wani abu tun da fari. Likita ba ya duba majiyyaci sai da rajista, haka nan malamin jinya. Shi kuwa mai horar da motsa jiki, sau da yawa ba wanda zai tsayar da shi ya ce ya nuna takardarsa. Wannan ya sa kowa yana iya kama ɗaki na kwana uku, ya tara matasa, ya karɓi kuɗinsu, ya buga musu satifiket mai hatimin zinariya. Darajar satifiket kuwa tana wurin hukumar da ta tsaya masa, da kuma abin da aka koya kafin a bayar da shi.

HANYOYIN DA GWAMNATI TA YARDA DA SU

Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NIS, a 1974, shekara guda bayan Wasannin Afirka da aka yi a Ikko. Mazauninta yana Babban Filin Wasa na Surulere, kuma aikinta shi ne horar da masu koyar da wasanni da masu gudanar da su, tana ba da satifiket da difloma. Ga wanda burinsa ya zama kocin 'yan guje-guje da tsalle-tsalle, ko dambe, ko kokawa, a ƙarƙashin hukumar wasanni ta jiha, wannan ita ce miƙaƙƙiyar hanya. Sai dai daga Kona zuwa Ikko tafiya ce mai nisa, kuma lalle ne a haɗa kuɗin mota da masauki da abinci cikin lissafi kafin a cika fom.

Hanya ta biyu ita ce kwalejin ilmi, inda ake yin shekara 3 ana karanta ilmin motsa jiki da kiwon lafiya, a fita da takardar NCE. Hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989, ita ce ke tantance waɗannan kwasa-kwasai. Kwalejin ilmi ta Jihar Taraba tana Zing, akwai kuma ta Tarayya a Yola. Wanda ya fi son digiri yana iya neman wannan fanni a jami'a, alal misali Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Bayero a Kano, shekara 4 ke nan, ƙarƙashin kulawar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa. Wannan hanya tana da tsawo, amma tana da wata fa'ida da sauran ba su da ita: in masu biyan lada sun yi ƙaranci, mai NCE ko digiri yana iya koyarwa a makaranta.

Lasin ɗin kocin ƙwallon ƙafa na Hukumar CAF, wanda ake samu ta hannun Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nijeriya, takarda ce mai daraja a fagenta. Amma fa ta tamaula ce. Ba ta mai da mutum gwanin kula da dattijo mai shekara 55 da likita ya ce ya rage tumbi.

TAKARDUN ƘASASHEN WAJE

Akwai ƙungiyoyi huɗu na Amurka da sunansu ya fi yawo a tallace-tallace: ACSM da aka kafa a 1954, da NSCA ta 1978, da ACE ta 1985, da NASM ta 1987. Na gaske ne, kuma wata hukuma mai zaman kanta, NCCA, ta tantance jarrabawarsu. Kowaccensu tana neman shaidar gama sakandare da ta koyon farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Wanda ke fatan aiki a babban otel a Abuja ko a ƙetare zai ga amfaninsu.

Duk da haka akwai abin lura. Da dala ake biya, kuma biyan ba ya ƙarewa, domin takardar ACE da ta NASM ana sabunta su kowace shekara 2, ta ACSM da ta NSCA kowace shekara 3, tare da shaidar ƙarin karatu. Jarrabawar a kan kwamfuta ake yin ta, mutum yana iya cinta bai taɓa gyara wa kowa tsayuwa ba. Littattafan kuma an rubuta su ne domin wasu mutane masu wani abinci da wani yanayi. Ba za su faɗa masa abin da zai ce da mai cin tuwon masara da sakwara ba, ko yadda zai tsara wa mai azumi lokacinsa. Har wa yau akwai 'yan damfara da ke ɗora sunayen waɗannan ƙungiyoyi a kan takardun jabu. Maganin wannan yana da sauƙi, gama kowaccensu tana da wurin duba sunan mai takardarta a intanet. In mai sayar da kwas ya ce shi wakilinsu ne, sai a nemi sunansa can kafin a ba shi ko sisi.

ABIN DA YA KAMATA KWAS YA ƘUNSA

A nan ne nauyin maganar yake, domin jikin ɗan Adam za a damƙa wa mai horon. A ɗauki misalin saurayin da ya yi kwas na mako guda, aka koya masa sunayen tsokoki da yadda ake ɗaga ƙarfe. Wani ma'aikaci mai shekara 50 ya zo masa a watan Maris, lokacin da zafin Jalingo kan kusanci awo 40. Saurayin bai tambaye shi komai ba, ya sa shi gudu da rana tsaka kamar yadda yake yi da tsararrakinsa. In mutumin yana da hawan jinin da bai sani ba, abin da zai biyo baya yana iya zama ajali, saurayin kuma ya sami kansa gaban 'yan sanda da iyalan mamaci.

Kwas na ƙwarai yana koyar da tambaya kafin horo: ko mutum yana jin ciwon ƙirji, ko jiri, ko yana shan wani magani, ko yana da sikila ko asma, ko mace tana da juna biyu. Yana koyar da awon jini, da sanin cewa wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, wurin likita zai fara zuwa, ya dawo da izini. Yana koyar da ƙidayar bugun zuciya. Ƙa'idar da aka saba ita ce a cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne ƙiyasin iyakar bugunsa a minti guda. Mai shekara 50 ke nan iyakarsa wajen 170 ce, kuma sabon shiga ba a kai shi kusa da ita. Yana koyar da alamun bugun rana, watau ruɗewa da tangaɗi da zafin jiki mai tsanani, da yadda ake sanyaya mutum nan take da ruwa a inuwa kafin a garzaya da shi asibiti.

Sa'an nan sai taimakon farko, wanda ba a koyonsa da karatu kawai. Danna ƙirji sau 30, hura numfashi sau 2, da saurin danni 100 zuwa 120 a minti guda, abu ne da sai hannu ya saba da shi a kan mutum-mutumin gwaji, malami yana tsaye yana gyara. Ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya tana ba da irin wannan horo. Kwas ɗin da babu wannan a cikinsa, babu kuma lokacin gwada aiki a fili gaban gwani, bai cancanci kuɗin kowa ba, komai kyan takardarsa.

Kwas na ƙwarai kuma yana nuna wa ɗalibi iyakarsa. Gashin ƙashi irin na asibiti da farfaɗo da wanda ya sami shanyewar ɓarin jiki aikin masu rajista ne a ƙarƙashin hukumar da Doka ta 38 ta 1988 ta kafa. Wanda ya zo da irin wannan larura a tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo. Rubuta magani, ko sayar da allura da ƙwayoyin ƙara tsoka, ba ya cikin aikin mai horo ko kaɗan.

KAFIN A BIYA KUƊI

Mai nema ya je da kansa, ya nemi jadawalin darussa a rubuce, da sunayen malamai da takardunsu, da sunan hukumar da ta tantance kwas ɗin. Ya tambaya ko akwai jarrabawa, ya kuma tambaya ko ana faɗuwa. Inda kowa yake ci, takarda ake sayarwa. Ya nemi ganin mutum biyu ko uku da suka gama, ya ji inda suke aiki yanzu. In shakka ta rage, ya kai sunan kwas ɗin ofishin wasanni na jiha a Jalingo ya tambayi ko sun san shi. Kuɗi kuma ya biya su a asusun makaranta a banki, ya karɓi rasit mai ɗauke da sunansa da kwanan wata.