Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa: Ta Ina Facebook da TikTok Suke Samun Kuɗi?

Darasinmu na wannan mako zai amsa tambaya ɗaya ce. Tunda ba a biyan ko kwabo kafin a buɗe Facebook ko WhatsApp ko TikTok, ta ina masu su suke samun kuɗin da ya kai su sahun manyan attajiran duniya?

Su wane ne masu su?

Mark Zuckerberg da abokansa ne suka ƙirƙiro Facebook a shekarar 2004, lokacin suna ɗalibai a jami'ar Harvard ta Amurka. A 2012 kamfanin ya sayi Instagram a kan dala biliyan 1, a 2014 kuma ya sayi WhatsApp a kan kimanin dala biliyan 19. A 2021 ya sauya suna ya koma Meta. Ke nan waɗannan ukun duk 'yan gida ɗaya ne. YouTube yana hannun Google tun 2006, TikTok kuwa na kamfanin ByteDance ne na ƙasar Sin.

Wanda ya zuba irin waɗannan maƙudan kuɗi, ai ba don sadaka ya zuba ba.

Sirrin shi ne talla

Fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar Meta daga talla suke fitowa. Gidan rediyo ma yana karɓar kuɗin talla, amma bai san wanda yake sauraro ba. Manhajar waya kuwa ta san mai riƙe da ita. Tana lura da garin da muke, da shekarunmu, da hoton da muka danna, da bidiyon da muka daɗe muna kallo.

Mu ɗauka wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana da sabbin atamfofi. Sai ya biya Meta, ya ce a nuna tallarsa ga matan jihar Kano kaɗai. Mai yawan kallon ƙwallo kuma a nuna masa rigar ƙwallo. Iya daɗewar mutum a kan waya, iya yawan tallar da zai gani, iya kuɗin da kamfani zai samu. Shi ya sa bidiyon TikTok ba ya ƙarewa, da wani ya wuce sai wani ya faɗo. Da gangan aka tsara shi haka.

Ashe dai muna biya, amma da lokacinmu da bayananmu. Bayanan nan suna da daraja ƙwarai. A watan Yulin 2024 hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, ta ci tarar Meta dala miliyan 220 saboda yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya.

Kuɗin data kuwa na MTN da Airtel da Glo ne da sauransu. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince musu su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Ga lissafi na ajin maths: a ce mutum yana sayen datar naira 200 kullum. A wata ya kashe naira 6,000, a shekara naira 73,000. Littattafai nawa wannan kuɗi zai saya?

Abin da ya sauya a kasuwanninmu

Wayar salula ta shigo Najeriya sosai a 2001, kafin a haife mu. Yanzu manomin Getso ko na Garo zai iya kiran wani a kasuwar Dawanau ya ji farashin buhun masara kafin ya sayar da nasa, ba sai ya yarda da duk abin da dillali ya faɗa ba.

Babban sauyi ya zo a farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Takardun kuɗi suka yi wuya, mutane suka sha wahala. Dole ta sa mai shayi da mai nama da mai kayan miya suka koyi karɓar taransifa. A nan ne kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka ƙara samun shiga. Yau da wuya ka ratsa cikin Gwarzo ko Kabo ba ka ga rumfar mai POS ba.

Iyayenmu mata da yayyenmu ma ba a bar su a baya ba. Daga cikin ɗaki mace za ta ɗauki hoton turaren wuta ko zanin gado ta ɗora a WhatsApp, mai so ya yi magana, a aika masa. Wannan ya fi mana daɗi, domin duk kayan da waya ta tallata, an rage wa wata yarinya yawon talla a lokacin makaranta. Ga kuma masu cajin waya da masu gyara, waɗanda suke sayo kayan aiki daga kasuwar Farm Centre a Kano.

Inda ake faɗawa rami

Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. A ƙarshen 2016 tsarin MMM ya rufe da kuɗin ɗimbin 'yan Najeriya. A watan Afrilun 2025 CBEX ma ya yi haka. Dabararsu ɗaya ce: a biya na farko da kuɗin na baya, ranar da sababbi suka daina shigowa sai komai ya rushe. Akwai kuma masu nuna alat na bogi su tafi da kaya, da masu kira su ce a karanto musu lambobi shida da aka turo ta tes, daga nan su ƙwace WhatsApp ɗin mutum su riƙa roƙon kuɗi da sunansa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a gidaje da yawa mu ake miƙa wa waya a ce mu karanta saƙo.

Abin da za mu riƙe

1. Kada mu ba kowa lambar sirri ta banki ko lambar da aka turo ta tes, ko da ya ce daga banki yake.
2. In muna tsaron shago, kada mu saki kaya sai mun ga kuɗi sun shiga asusu.
3. Duk wanda ya ce zai ninka kuɗi cikin 'yan kwanaki, a guje shi.
4. Dokar Facebook da TikTok ta ce sai an kai shekara 13. Ko mun kai, mu nemi izinin iyaye, kuma mu gama aikin gida tukuna.

Tambayar mako: wane kamfani ne ya mallaki WhatsApp, kuma a wace shekara ya saye shi? A rubuta amsa da suna da aji, a miƙa wa sakataren ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.